Abin da Maman Nathan Ta Manta

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da shagon Maman Nathan, a layin da ke gangarowa daga tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan zuwa kasuwa. Bangon ma ba wani bango ba ne, ko atishawa ta yi sai na ce mata sannu. Sunana Raliya, kuma shekarun da na yi ina jin ƙarar yatsun matar nan a kan maɓallai sun isa a haifi yaro har ya fara gemu. Saboda haka idan na ce na san ta, ba cika baki nake yi ba. Abin da ban taɓa zato ba shi ne akwai ranar da za ta shigo shagona ta tambaye ni ko kanta na nan daidai.

Sunanta na baftisma Serah, 'yar Fadan Kagoma ce. Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne, cikin masu juya wa jirgi hanya, aikin da idan ka yi na biyu kafin na farko sai a kwashi gawawwaki. A wurinsa ta gaji tsari. Ta koyi tafireta tun tana budurwa, ta yi aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati har aka daina yayin tafireta, aka kwashe su aka jibge a sito. Abokan aikinta suka koma sayar da atamfa da kiwon kaji. Ita kuwa ta sayi tabarau, ta zauna gaban kwamfuta da furfura a goshi, ta koya. Da ta yi ritaya sai ta kama shagon nan. Takardar neman aiki, tsarin bikin aure, tsarin jana'iza, rajistar jarrabawar yara, duk wurinta ake kawowa, domin ba ta cin harafi, kuma ba ta yawo da sirrin mutane.

Mijinta Malam Andrawus tsohon malamin firamare ne, dattijo a majami'arsu, mutum mai bayani a kan komai ko ba a tambaye shi ba. Ɗansu Nathan aikin kwamfuta yake yi a Abuja, kuma shi ya haɗa mata shagon yadda yake yanzu. Ya kawo wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin buhun masara, ya cusa ta ƙarƙashin tebur, ya zuba mata wani tsari da ake kira Linux, ya ce ita ce uwa. Ƙananan kwamfutocin da kwastomomi ke zama a kai, da firinta, duk ta hannunta suke samun intanet. Ita kuma uwar tana samu ne daga wani ɗan akwati mai ƙaho biyu da ake sa wa sim, wanda suke kira rauta. Wutar shagon ta sola ce, don haka idan za a tashi da yamma komai kashewa ake yi, kada batir ya kwana yana aiki. Da safe a tashe su. Nathan ya koya mata: batir, sannan rauta, sannan uwa. Shekara da shekaru haka take yi, kuma ban taɓa jin ta yi kuka da su ba.

Abu ɗaya matar nan ke tsoro a duniya. Ba maciji ba, ba ɓarawo ba. Mahaifiyarta ta rasu ne da ruɗewar tsufa. Ta fara da manta inda ta ajiye gishiri, ta koma shiga gonar wani tana ciran ciyawa, daga ƙarshe Serah za ta zauna gabanta da kwanon abinci, tsohuwar ta dube ta ta ce, "'Yar wa ce ke?" Maman Nathan ta ba ni labarin nan sau ɗaya tak, ba ta ƙara ba. Amma na lura duk ranar da ta nemi biro ta rasa, sai fuskarta ta canza, ta daina dariya har sai an gano shi.

Akwai kuma Nene. Bafulatana ce, sa'ar Maman Nathan, tana zama da ƙwaryar nononta a gindin mangwaron da ke gaban shagunanmu. Rugarsu na can bayan gari ta hanyar Kagoma, kusa da inda Maman Nathan ke da 'yar gonar citta, kuma takin gonar ma daga garken Hammadu ɗan Nene yake fitowa. Nene ba ta taɓa iya faɗin Serah ba, Saratu take ce mata. Gaisuwarsu ta safe kuwa sananniya ce a layinmu. Nene za ta fara da yarenta, "A waali jam?" wato kin kwana lafiya. Maman Nathan ta ce, "Jam." Iyakar Fulatancinta ke nan, sai a juya Hausa. Ya gajiya, ya maigida, ya Hammadu, ya matarsa, ya Halima da Zubair, ya gwiwar nan taki, ya Malam, ya na Abuja, ya yi waya kuwa. Ba a tsallake kowa, ba a sauya wa kowa wuri. A ƙarshe Maman Nathan ta ce, "Ya shanu?" Nene ta ce, "Ya gona?" Nan ake rufewa. Na sha yi musu tsiya cewa na ɗora ruwan shayi suna kan maigida, ya tafasa suna kan jikoki.

To, a farkon daminar bana aka samu matsala. Ita citta idan an shuka ta, lulluɓe kunyoyin ake yi da ciyawa don kada rana ta ƙona ta kafin ta tsiro. Wata rana shanun Hammadu suka kuɓuce, suka faɗa gonar, suka cinye lulluɓin, suka tattake rabin kunyoyin. Washegari Nene ta ajiye ƙwarya, ta tako har ƙofar shago don yin jaje, abin da ba ta saba yi ba. Ina zaune, ina ji. Ta fara bayani ke nan Maman Nathan ta katse ta.

"Ba sai kin yi magana ba. Ku dai duk haka kuke."

A garin nan, da abin da muka gani da idanunmu a shekarun baya, kowa ya san nauyin wannan "ku" ɗin. Nene ta juya ta koma gindin mangwaro. Kashegari da safe na ji muryarta: "Saratu, a waali jam?" Maman Nathan ta sa makulli a kwaɗo, ta shige ciki kamar da bishiyar ake magana. Nene ba ta sake gwadawa ba. Ba ta kuma sauya wurin zama ba. Kullum tana nan, fuskarta a titi, tana korar ƙudaje.

Cikin kwanakin nan kwamfutar ta fara iskanci. Ban haɗa abubuwan biyu ba, ba kuma wanda ya haɗa, domin a lokacin ne ruwa ya kankama, kowa kuma ya san hadari na taɓa netwok. Sai dai wannan abin ya fi ƙarfin hadari. Rauta na nan fitilunta kore shar, waya ma tana kama netwok ɗinta, amma uwar ta yi kunnen uwar shegu. Ƙananan kwamfutocin ba intanet, firinta ba ta amsawa, yara masu rajista sun cika benci suna hamma.

Ta kira Nathan. Ta bango nake jin su, domin a fili take sa wayarta.

"Mama, kin bi yadda na koya miki?"

"Batir, rauta, uwa. Yau na fara?"

"To ki kashe uwar ki sake kunnawa."

Ta kashe, ta kunna, sai ga komai ya kama tsaf. Nathan ya yi dariya. "Kin gani? Akwai abin da kika tsallake da farko, Mama. Ba komai, yana faruwa."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta ajiye wayar, na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Tana tsaye tana kallon hannuwanta.

Wani zai ce ai an samu magani, kullum a kunna sau biyu a huta. Wanda ya faɗi haka bai san Maman Nathan ba. Ita ba intanet ne damuwarta ba. Shekaru tana kunna abin nan sau ɗaya yana kamawa, yanzu ya ƙi, ɗanta kuma ya ce ta tsallake wani abu. Mene ne abin? Idan har akwai abin da take yi kullum, yau ta daina, kuma ta kasa tuna shi, to ta san sunan wannan ciwon, ta yi jinyar mai shi.

Daga nan layinmu ya cika da masana. Malam Andrawus ya zo da lemarsa ya yi bayanin danshi, ya ɗora rauta a saman kabad, ya naɗe mata tawul. Ba ta canza zani ba. Mai sayar da katin waya ya ce sim ɗin ne ya tsufa. Aka sauya sim, nan ma shiru. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba kullum take ƙi ba. Wata safiyar sai ta kama tun karon farko, ba tare da kowa ya yi mata komai ba, sai a yi ta neman dalili.

Har ni aka shafa wa. Wata safiya ta faɗo shagona, ko sallama babu.

"Raliya, kashe keken ɗinkin nan naki. Tun da kin sa masa motar lantarki ne abin nan ya fara."

Na ce motar keken nan ta girmi rikicinki da shekara guda. Ta ce ita dai a kashe. Muka yi ta sa-in-sa, na kawo hujja, ta kawo tata, har na gaji na zare waya daga soket na harɗe hannu. Ta koma, ta kunna uwa, sai ga shi ta kama. Ta leƙo tana murmushin nasara. Ni kaina sai da na fara zargin kekena. Washegari tun kafin ta iso na zare wayar, na zauna ina ɗinkin hannu kamar kakata. Ta shiga, ta kunna kayanta, uwar ta ƙi. Na mayar da wayata a soket, kuma na tabbata ta ji yadda na taka keken.

Sai kuma Stella, shugabar zumuntar mata ta majami'arsu, wadda ta ce wannan ba aikin injiniya ba ne. Ta zo da sassafe da littafin waƙoƙi. Maman Nathan ta kai hannu za ta kunna uwa, Stella ta riƙe hannun ta ce a fara miƙa shi ga Ubangiji. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, Stella ba mai gajeriyar addu'a ba ce, sai da ta bi ta kan gwamnati da matasa da marasa lafiya kafin ta iso kan kwamfuta. Aka ce amin, aka danna, ta kama. Ranar Lahadi Stella ta ba da shaida a gaban jama'a. Ranar Litinin uwar ta ƙi.

Akwai wani mai gyara, Dickson, da ke da shago wajen shataletale. Mutumin kirki ne, magidanci, ya san aikinsa. An kira shi ya zo da rana tsaka, ya kashe ya kunna, ta kama. Ya sauya waya tsakanin rauta da uwa don kada a ce bai yi komai ba. Aka sake kiran sa, ya sake zuwa da rana, ya buɗe cikinta ya hure ƙura, ya kashe ya kunna har ya gaji, ko sau ɗaya ba ta ƙi ba.

"Mama, kwamfutan nan lafiyansa kalau," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Ni ma abin ya ɗaure mini kai. Duk lokacin da na zo yana aiki."

Ka ji fa. A hannun kowa tana aiki, sai a hannun mai ita.

Maman Nathan ta fara ramewa. Matar da ke shigowa tana rera waƙar majami'a ta koma shigowa tana ƙunƙuni, "batir, rauta, uwa," kamar mai haddar karatu. Ta fara kuskuren da ba ta taɓa yi ba, don hankalinta ba ya kan aikin. Ta buga wa wasu tsarin jana'iza ta saka sunan mamacin a cikin masu jawabi. Malam Andrawus ya ga abin, ya tsorata, ya kira ɗansa. Nathan kuwa ya yanke hukunci irin na 'ya'yan da ke nesa: ƙarshen wata zai zo ya tafi da ita Abuja likitan ƙwaƙwalwa ya duba ta, shagon kuma a rufe ko a ba wani, ta huta haka nan.

Ranar da aka gaya mata, ta shigo wurina ta zauna a kan buhun yadi, wurin da ko kwastoma ba na bari ya zauna.

"Raliya, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ina maimaita magana?"

Na ce a'a.

"Ina kiran mutane da sunan da ba nasu ba?"

Na ce ko ɗaya.

"Haka muka dinga gaya wa Mama," ta ce. "Muna cewa ba komai." Sai hawaye. Ban taɓa ganin ta tana kuka ba, ko ranar da aka kawo labarin rasuwar ƙanenta. Tausayinta ya kama ni, kuma gaskiya ni ma tsoro ya shige ni, domin ba ni da wata amsa da ta fi wadda suka dinga ba mahaifiyarta. Ta ce idan aka kai ta Abuja aka ajiye a bene, ba shago, ba mutane, to ko ba ta da ciwon zai same ta.

Ta share fuska, ta miƙe. "Dickson da rana yake zuwa. Ni kuma da safe abin ke kama ni. Gobe ya zo kafin in buɗe ƙofa, ya tsaya ya kalle ni. In ni ce, ya faɗa a gabana."

Haka aka yi. Dickson ya iso da sassafe yana hamma, ni ma na bar aikina na tsaya a bakin ƙofa, don ba za a yi wannan ba ni ba. Nene na gindin mangwaro tana jera ludaya. Maman Nathan ta buɗe kwaɗo, ta shiga, ta ɗaga makunnin batir, ta danna rauta, ta sunkuya ta danna uwa. Duka ba su kai tsawon hamma ɗaya ba. Dickson ya danna wani maɓalli, hoton da ke rufe allon ya kauce, fararen rubutu suka fara gudu a kan baƙi. Ya sa yatsa a kan wani layi, ya duba rauta wadda fitilarta ke ta ƙyaftawa ja, ya sake duba allon.

"Haba," ya ce. "Haba, haba."

"Ni ce?" in ji ta.

"Tsaya, Mama. Bari in gaya miki yadda yake." Ya juya kujera. "Kwamfutan nan in ya tashi, akwai ayyuka da yake tayarwa ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu akwai mai buɗe ƙofan netwok, wannan ramin na baya inda waya ke shiga. In ya buɗe, sai ya tambayi rauta adireshi, don in ba adireshi ba wanda zai san inda yake. To rautan nan tsoho ne, yana da nauyin barci. Kin ga har yanzu ja yake nunawa. Kwamfuta ya yi tambaya, ba a amsa ba, ya ɗan jira, ya haƙura. Kuma yadda aka saita shi, sau ɗaya yake tambaya. Daga nan firinta da masu raba intanet su tashi su tarar ba netwok, su ma su zauna haka. Rauta zai farka daga baya, amma ba mai sake tambayansa har yamma."

"Shi ya sa in an sake kunnawa yake kamawa," na ce.

"Yauwa, Hajiya. Lokacin rauta ya riga ya farka. Ni kuma da rana nake zuwa." Ya yi dariyar kansa, sannan ya juya gare ta. "Mama, tsarinki daidai ne, ba ki tsallake komai ba. Sauri kike yi kawai. Amma abin da ban gane ba, shekaru yana aiki. Dole da can akwai abin da kike yi tsakanin rauta da kwamfuta. Shara ne? Ko addu'a?"

"Ba na yin komai," ta ce. "Ina kunna wannan, sai in..."

Ta tsaya. Ta juya a hankali ta kalli ƙofa. Daga inda take tsaye ana hango gindin mangwaro sarai, da ƙwaryar, da bayan Nene.

Ni ma a lokacin ne abin ya faɗo mini. Kullum sai ta danna rauta take fitowa gaisuwa, sai an kai kan shanu da gona take komawa ta kunna uwa. Rigimar kekena da doguwar addu'ar Stella, duk gurbin gaisuwar nan suka cike ba mu sani ba.

Dickson bai san labarin ba, shi dai ya ci gaba da aikinsa. Ya buɗe wani baƙin allo ya yi 'yan rubuce-rubuce. Ya ce ya gaya wa uwar ta riƙa maimaita tambaya har sai an amsa mata, firinta da sauran kuma kada su tashi sai netwok ya samu. Ya kira Nathan ya yi masa bayani da Turancinsu. Nathan ya ce ai shi ne ma ya rage lokacin jiran tun farko, don Mama ta ce kwamfutar na daɗewa kafin ta tashi. Aka ba ta wayar, yana ta murna.

"Mama, kanki lafiya lau! Ki yafe mini. Ba zancen Abuja, ba zancen rufe shago."

Na zaci za ta yi rawa. Cewa kawai ta yi, "To, na gode," ta miƙa wayar. Bayan Dickson ya tafi ta zauna gaban allo, komai na aiki, ita kuma ba ta taɓa ko maɓalli ɗaya ba.

Na ce, "Ke da aka wanke, me kuma ya rage?"

"Na rantse wa kowa ban canza komai ba," ta ce. "Na rantse wa Malam, na rantse wa yarona. Kuma har cikin zuciyana na yarda." Ta cire tabarau ta riƙe. "Mamana ta manta ni, Raliya, amma ita ba da gangan ta yi ba."

Yinin ranar ba ta fita ba. Na ga ta zo bakin ƙofa ta koma, ta sake zuwa ta koma, har Nene ta haɗa kayanta ta hau acaɓa.

Washegari na riga kowa zuwa, na buɗe tagata sosai, ban kuma ji kunyar hakan ba. Maman Nathan ta iso, ta shiga. Na ji ƙarar batir, na ji rauta, na ji uwa, a jere ba tsayawa. Jim kaɗan firinta ta yi 'yar ƙarar da take yi idan ta samu netwok. Gyaran Dickson ya ci, ba sauran abin da ke bukatar a jira shi. Sai ga ta ta fito, ta gyara ɗaurin zani, ta taka zuwa gindin mangwaro kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ta tsaya. Bakinta ya yi motsi kafin sauti ya fito.

"A waali jam?"

Ba ta taɓa zama mai farawa ba, kuma yadda ta faɗe shi ko ni na san ta karya shi. Nene ba ta ɗago ba. Labarin kwamfuta da gaisuwar ya riga ya zaga layi tun jiya, mai katin waya ya tabbatar da haka.

"Injinki ne ya aiko ki?" in ji Nene.

"An gyara shi. Yanzu ba ruwansa da ni."

"To me ya kawo ki?"

Matar da ta buga wa rabin garin nan takardun ban haƙuri ta rasa kalma ɗaya. Nene ta bar ta a tsaye har sai da na fara jin haushin Nenen. Can ta janye ƙwarya gefe, ta matsa a kan tabarma.

"Jam," ta ce. "Ci gaba."

Ta zauna, ta fara. Ya gajiya. Ya maigida. Da ta zo kan Hammadu muryarta ta ɗan sauka, amma ta faɗa. Ya matarsa, ya Halima da Zubair, ya gwiwa. Nene na amsawa ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da nata, ya Malam, ya na Abuja. Aka ƙare mutane kaf. Saura abu ɗaya, kuma duk mun san shi. Maman Nathan ta shiga murza bakin zaninta. Nene ba ta taimake ta ba, ta zuba mata ido kawai.

"Ya shanu?"

"Suna lafiya," in ji Nene. "Ya gona?"

"Rabi ya tsira. Rabi kam..."

"Na sani. Hammadu ya yanko ciyawa tun washegarin ranar, ya tara a bakin gonar, a sake lulluɓewa. Ya ce ba zai sa ƙafa ciki ba sai kin ce. Ranar da na gaishe ki, abin da zan gaya miki ke nan."

"Tarin ciyawan nan na bakin hanya? Na gani. Na ɗauka na wani ne."

"Naki ne, Saratu. Ta ruɓe yanzu."

Maman Nathan ta rufe fuska da tafukanta. Nene ta ɗauki ludayi ta zuba nono a ƙaramin kwano, ta ajiye kusa da ƙafarta, ta juya ta ci gaba da korar ƙudaje. A can shago yara masu rajista sun fara taruwa a benci, ɗaya ya leƙo yana kiran Mama, netwok ya kawo. Ba ta ko waiga ba.

"Su jira," ta ce.